Shekarar da Ruwa Ya Ci Ɗakin Baba

Hafsa da Mus'ab, kun san gidan da muka zauna a Khalidiyya, amma da idon yara kuka san shi. Ni idan aka ambaci gidan, abin da ke fara zuwa mini shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen Madina ke kira badrum, inda kakanku ya zauna. Kun sha tambayata yadda aka yi ya koma Gusau, ina ba ku amsa guntu-guntu. Yanzu na ajiye aiki, idona kuma bai gama tafiya ba, don haka zan faɗa muku yadda abin ya kasance tun daga tushe.

Baba tela ne, tun yana saurayi. Bayan rasuwar Inna na dinga roƙonsa ya dawo wurinmu, yana ƙi. Dalilinsa ɗaya ne: namiji ba ya zama a gidan surukinsa. A wurinsa, ya ci tuwon mijin 'yarsa, ya kwana ƙarƙashin rufinsa, su haɗu da safe a hanyar banɗaki, wannan abin kunya ne da ya fi ƙarfin tsufansa. Abin da ya karya masa wuya shi ne sunan garin. Da wani gari muke, da har abada ba zai zo ba. Abbanku ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi har aka samar masa takardun zama. Ranar da Baba ya iso muka nuna masa ɗakin da muka gyara masa a sama, da gado da na'urar sanyi. Ya leƙa, ya yi godiya, bai shiga ba. Da la'asar ya fita zagaya gida sai ya ga matakalar da ke gangarawa daga gefen wurin ajiye mota. Ɗaki ne babba mai ƙofarsa daga waje, da banɗakinsa, da 'yan tagogi can sama daidai da ƙasan titi. Tarkace muke ajiyewa a ciki. Ya dawo ya same ni a kicin.

"Uwata, na ga ɗakina."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana Rabi ba. Abbanku ya yi ƙoƙarin hana shi, ya ce ba zai yiwu a ce muna sama Baba yana ƙasa ba. Baba bai ɗaga ido ya dube shi ba, don bai taɓa yi ba.

"Injiniya, Allah ya yi albarka. Tsoho irina ai gara ya fara sabawa da ƙasa tun yanzu."

Haka aka bar shi. Abbanku ya nemo masa keken ɗinki na ƙafa, irin wanda ya saba da shi. Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa akwai telan Gusau a Khalidiyya mai yanka babbar riga yadda ake yanka ta a gida. Likitocinmu da malaman jami'a suna kawo shadda, haka ma Hausawan nan da kakanninsu suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, irin su maƙwabciyarmu Khala Zainabu da mijinta Ammu Bukari. Baba yana sayen burodinsa da shayinsa da guminsa, yana shiga yana fita ta ƙofarsa, kuma a ransa ba a gidan suruki yake ba, maƙwabtaka kawai suke yi. Ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta waɗannan shekarun ba. Wata Juma'a muna fitowa daga Harami, muka bi ta gefen katangar maƙabartar Baƙi'a, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da muka shiga mota, kafin Abbanku ya iso, ya sassauta murya.

"Uwata, abu ɗaya zan roƙe ki. Duk abin da ya same ni, kada ki bari a ɗauke ni daga garin nan."

Na ce masa in Allah ya yarda. Ban ɗauki maganar da nauyi ba a lokacin, don ban ga abin da zai ɗauke shi ba.

Ruwan ya zo ne cikin sanyi, ranar aiki. Ina ɗakin ba da magani a asibiti, kuna makaranta, Abbanku yana wurin aikinsa can wajen filin jirgi. Bayan azahar gari ya yi baƙi, aka fara da ƙanƙara, sannan ruwa ya tsinke. Ƙasar Madina dutse ce, ba ta shan ruwa. Abin da ya zuba a kan duwatsu gaba ɗaya yake gangarowa cikin gari, ya bi tituna. Ina cikin ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyinta wayata ta yi ƙara, Khala Zainabu ce.

"Rabi, sail ya shigo layinmu, ambaliya ce. Wallahi ruwa yana gangarawa badrum ɗinku kamar kogi. Ina ta kiran Baba, ma fi jawab, ba ya amsawa."

Na fito da rigar aiki a jikina. Babu motar da ke motsi. Na kira Abbanku, shi ma ruwa ya tare shi a ƙarƙashin gada. Abin da ya faru a gida daga baya aka ba ni labari. Ƙofar badrum waje take buɗewa, ruwan da ya cika matakala ya danne ta, yana kuma kwarara ciki ta ƙasanta da ta tagogi. Baba ya tura ya tura, bai iya ba. Allah ya sa wuta ta ɗauke tun farko. Ammu Bukari ya kira wasu leburori daga ginin da ake yi a bayanmu, suka fasa ƙofar da ƙarfe. Sun same shi tsaye a kan kujerar ɗinkinsa, ruwa har ƙirji, ya ɗaure yadunan mutane a zani ya ɗora a ka. Ammu Bukari ya ce ya miƙa masa hannu, Baba ya ƙi kamawa sai da aka fara karɓar ƙunshin. Ban san tsawon lokacin da ya yi a cikin wannan ruwa mai ƙanƙara ba. Sai dab da magariba na iso, na tarar da shi a falon Khala Zainabu, an lulluɓe shi da barguna, haƙoransa suna haɗuwa.

"Uwata, shaddar Alhaji Isa ta jiƙe. Ta ɗaurin auren ɗansa ce."

Na ce masa ya bar zancen shadda. Ya dube ni kamar na faɗi wani abu marar kan gado.

Washegari aka samo motar zuƙar ruwa bayan dogon jira, don rabin unguwa nemanta suke yi. Da ruwan ya janye sai ainihin ɓarnar ta fito. Ba ruwan sama kaɗai ya shiga ba, har da na masai da ya tumbatso daga ƙarƙashin titi. Laka baƙa ta rufe komai, warinta yana hawowa har kicin. Ni da Abbanku muka sa takalman roba, muka ɗaure hanci, muka yi ta kwasa da shebur muna hawa da bokiti. Katifa, darduma, kayan sawarsa, akwatin ƙarfen Inna da ya zo da shi daga gida da zannuwanta a ciki, duk suka koma tari ɗaya a bakin titi. Littattafansa na addini Ammu Bukari ya tattara ya kai wa limamin unguwa. Keken ɗinkin mun wanke shi mun shafa masa mai, amma kafin mako ya zagayo tsatsa ta fito masa ta ko'ina. Masu yaduna suka zo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce uffan sai jaje, Alhaji Isa har da cewa ya yafe duniya da lahira. Wannan yafiyar ta fi yi wa Baba ciwo a kan a ce an zage shi. Yana zaune a saman matakala cikin bargo yana kallon ana fitar da kayansa.

Zazzaɓi ya biyo baya, da tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Aka kwantar da shi a asibitin da nake aiki, ciwon huhu ne. A can ne na fara lura da wani abu. Na shigo masa da kunu, ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga unguwa. Likitan da ke duba shi, wani ɗan Sakkwato, ya ce tsofaffi kan ruɗe idan ciwo ya yi tsanani, wani ya dawo daidai, wani ba ya dawowa. Ya kuma gargaɗe ni cewa huhun Baba ba zai sake ɗaukar danshi ba, kada mu kuskura mu mayar da shi ɗakin nan sai ya bushe ƙayau.

Da aka sallame shi muka sa shi a ɗakinka, Mus'ab, wato wanda muka gyara masa tun farko, kai ka koma falo. Abin da ya yi shekaru yana gudu ya same shi lokacin da ba shi da ƙarfin kare kansa. Banɗaki ɗaya ne a tsakanin ɗakunan. Wata safiya ya fito ya rasa hanya, ya tsaya a tsakiyar gida da ɗaurin zani kawai, fitsari ya kufce masa. Abbanku ne ya fito ya same shi. Ya kama hannunsa ya kai shi banɗaki, ya dawo ya goge wurin da kansa, bai faɗa wa kowa ba sai ni. Baba ya manta abubuwa da yawa a wannan lokacin, amma wannan bai manta ba. Daga ranar, da ya ji muryar Abbanku sai ya ja mayafi ya rufe fuska. Idan Abbanku yana gida Baba ba ya cin abinci, ba ya shan ruwa don kada ya buƙaci fita. Na yi lallashi, na yi kuka, a banza. Abbanku ne ya ga mafita.

"Rabi, ni ne matsalarsa. Bari in ba shi wuri."

Tun daga nan ya daina zama a gidansa. Yana fita kafin Baba ya tashi, idan ya dawo daga aiki ba ya hawowa sama, badrum yake gangarawa kai tsaye. A kan matakala nake kai masa abinci. Ku kun ga mahaifinku ya ɓace daga teburin cin abinci daidai lokacin da kakanku ya hawo sama, kuka fassara abin yadda yara za su fassara. Shi kuwa yana ƙasa yana yaƙi da bango. Ya kankare filasta har ya kai ga bulo. Ya wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta har fatar hannunsa ta saɓule. Ya jera fankoki suna juyawa ba tsayawa. Ya sake yin filasta, ya yi fenti, muka tsaya muna kallon farin bango muna cewa an gama. Bayan 'yan kwanaki sai ɗigo-ɗigon baƙi suka fito daga kusurwa, suka haɗu, suka hau. Funfuna ce. Ya sake kankarewa, ta sake dawowa. Ruwan ya shiga ƙarƙashin harsashin gini ya zauna, idan ka ɗora tafin hannu a daɓe sai ka ji shi yana gumi. Abbanku injiniya ne, ya san wannan tun farko, amma bai iya zama ya naɗe hannu ba. Mai gidan, wani dattijon Balarabe marar hayaniya, ya zo ya duba ya girgiza kai.

"Isbir, ya muhandis, ka yi haƙuri, injiniya. Sai zafi ya shigo. Rana ce kawai za ta busar da wannan."

Zafi kuwa da sauransa, watanni ne a gaba. Mun nemi wani gidan mai ɗaki a ware. Duk wanda ruwa ya taɓa nema yake yi, ba a samu ba sai wani ɗaki a Awali, cikin wata gonar dabino, nesa da asibiti da makarantarku. Duk da haka muka ce za mu gwada. Na kai Baba ya gani. Ya dubi dabinan, ya tambaya gonar wa ce, sannan ya riƙe gefen mayafina kamar yaro, ya ce kada in bar shi a wurin mutanen da bai sani ba.

Wata la'asar na dawo daga aiki ban same shi a ɗaki ba. Na ji ƙara daga ƙasa, na gangara. Yana zaune a gaban keken, cikin wannan wari, yana taka shi da ƙyar, babu zare babu yadi, tari yana tuƙe shi. Ya ce mini aiki ya yi masa yawa, sallah ta matso. Daren nan zazzaɓi ya dawo. Dole muka sa wa sabuwar ƙofar kwaɗo. Kwana da kwanaki yana sauka yana taɓa kwaɗon, ya tsaya, ya hawo. Daga baya ya daina sauka. A lokacin ne ya fara maganar gida. Kowace safiya zai tattara hularsa da carbinsa da butarsa a cikin rigar matashi, ya zauna a kujerar bakin ƙofa.

"Uwata, ki yi wa mutanen gidan nan godiya. Sun yi mini kirki, amma na daɗe. Baƙo idan ya daɗe ya zama kaya."

"Baba, nan gidana ne. Madina muke."

"To. A kai ni gida."

Hafsa, ke kin san wannan, don ke kike zama kusa da shi kina ce masa "Jaddi, khalas, bukra," wato Kaka, shi ke nan, sai gobe, yana kallonki yana murmushi bai gane ba. Abin da ba ki gani ba shi ne kukan. Idan kun tafi makaranta yana kuka, irin kukan da ba shi da sauti, hawaye kawai suna bin gemu. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da Inna ta rasu. Na ɗauko keken marasa lafiya na kai shi Harami, ina fatan idan ya ga wurin zai tuna abin da ya kawo shi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Zuciyata ta fara sanyi. Sai ya juyo.

"Masha Allah, mun yi ziyara. Yaushe ne jirginmu?"

Yaya Lawal yana kira daga Gusau kusan kullum. Idan na ba Baba wayar sai ya ce masa, "Lawal, ka zo ka ɗauke ni." Yaya ya ce mu ji tsoron Allah mu dawo musu da ubansu, ga ɗakinsa nan, ga jikoki, ga mutanen da ya sani. Jikin Baba kuma yana ta zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni mai harhaɗa magani ce, na san abin da nake gani. Na sauka na sami Abbanku a badrum, ƙurar filasta ta rufe masa gira. Na gaya masa ina tunanin mayar da Baba.

"A'a, Rabi. Da hankalinsa ya ba ki amana. Wanda yake magana yanzu ciwo ne."

"Ciwon ai a jikinsa yake. Shi ne yake kukan."

"Ki ba ni zuwa zafi. Ɗakin nan zai bushe. Idan ya koma ɗakinsa zai dawo daidai."

"Zai kai zafin? Ba ya ci."

Ya ajiye abin kankarar ya zauna a kan bokiti. Ya ce in ina so shi zai bar gidan gaba ɗaya, ya kama ɗaki da abokan aikinsa har Baba ya warware. Na ce masa ai Baba ya wuce nan, yanzu ba shi kaɗai yake gudu ba, garin ne gaba ɗaya ya zame masa baƙo. Daga ƙarshe ya ce mahaifina ne, duk abin da na yanke zai tsaya a kai, amma yana so in sani shi bai yarda ba. Na je wurin Khala Zainabu ko za ta ba ni abin da zan riƙe. Ta zuba mini shayi, ta ce kakanta shekaru ya yi a hanya, yana noma yana tafiya, don kawai ƙasar nan ta rufe shi.

"Amma ya Rabi, ni ban taɓa ganin tsoho yana kuka irin wannan ba. Wallahi ma adri. Ban san me zan ce miki ba."

Na yi istihara ba sau ɗaya ba. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Uba biyu gare ni a lokacin, ɗaya ya roƙe ni a gefen Baƙi'a, ɗaya yana roƙona kowace safiya a bakin ƙofa, kuma duk wanda na bi na saɓa wa ɗayan. Na bi wanda nake gani da idona. Ni na yanke, babu wanda ya sa ni. Abbanku ya je ya yi takardun fita, ya ɗauki jakar ya sa a mota, ya tuƙa mu zuwa filin jirgi. Ku kuna tsaye a bakin ƙofa, abin da kuka gani ke nan. A hanya Baba yana ta fara'a, har da tambayar ko an yi wa yara tsarabar dabino. Da muka sauka Abbanku ya durƙusa yana masa sallama. A karo na farko tun da na yi aure Baba ya dube shi ido cikin ido.

"Direba, Allah ya yi maka albarka. Ka yi tuƙi mai kyau."

A Gusau kwanakin farko sun yi kyau. Ya ci tuwon dawa da miyar kuka har ya nemi ƙari. Ya yi barci. Tsofaffin abokansa suka zo, ya gane wasu. Na kira Abbanku na ce ka gani, ya ce alhamdu lillahi, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai wata safiya, ina zaune kusa da Baba a zaure ina gyara masa hula, na ga idonsa ya washe, irin yadda na san shi tun ina yarinya. Ya dubi bangon zauren, ya dubi titi, ya dubi awakin maƙwabta.

"Uwata, ina ne nan?"

"Gida ne, Baba. Gusau."

Ya juyo ya dube ni.

"Wa ya kawo ni?"

"Ni ce."

"To," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Allah ya yi miki albarka."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Da zagina ya yi, da na sami abin da zan yi da shi. Wannan washewar ba ta wuce azahar ba, ba ta kuma sake dawowa ba. Amma ta bar wani abu. Daga ranar, duk lokacin da aka kira salla sai ya tattara hularsa da carbinsa, ya zauna a bakin zaure yana tambayar wa zai kai shi Harami. Yaya Lawal ya kai shi masallacin unguwa, ya tsaya a ƙofa ya ce ba nan ba ne. Hutuna ya ƙare yana cikin wannan hali. Ranar da zan taho ya riƙe hannuna ya ce in tafi da shi. Takardunsa an riga an rufe su. Na zare hannuna na shiga mota.

Zafi ya shigo Madina kamar yadda mai gida ya faɗa. Daɓen badrum ya daina gumi. Abbanku ya yi fenti na ƙarshe, muka jira, funfuna ba ta dawo ba. Ya kai keken wurin wani mai gyara, aka canza masa abin da tsatsa ta ci. Ya sake fara bin ofisoshi don a samar wa Baba sababbin takardu, ana ce masa ya dawo, yana komawa. Ana cikin haka, damina ta sauka a gida, Yaya Lawal ya kira ni ina wurin aiki. Ya ce Baba ya cika da hantsi, a zaure, da hularsa a hannu. Kafin la'asar an kai shi maƙabartar unguwa. Ban samu na gan shi ba. Na ƙarasa ba da maganin mutumin da ke gabana, na shiga ɗakin ajiya na zauna a ƙasa tsakanin kwalaye. Tun daga wannan shekarar, idan na yi salla a Harami aka kira sallar gawa, ina tashi in bi, amma bakina ba ya iya kama addu'ar.

Bayan an share makoki muka zauna cin abincin rana mu huɗu, abin da muka daɗe ba mu yi ba. Abbanku ya miƙa hannu zai zuba maka shinkafa, Mus'ab, ka janye farantinka. Da Larabci ka yi maganar, kamar yadda kake yi idan ranka ya ɓaci. Ka ce masa shi ya kori kakanka, tun da ya hawo sama ba ya son ganinsa, shi ya ɗauki jakarsa ya sa a mota. Hafsa, ke kin sunkuyar da kai, na gane ra'ayinku ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, Abbanku ya ɗaga mini hannu.

"Ci abincinka," ya ce maka.

Ka tashi ka bar teburin. Shi ma bai ci ba. Da la'asar na same shi zaune a matakalar badrum, a wurin da ya saba cin abinci, ƙofar a buɗe. Na ce masa zan kira ku in gaya muku gaskiya, ba zan bari a ɗora masa abin da shi ne ya yi ta hanawa ba. Ya ce in zauna. Na zauna a matakalar da ke sama da tasa.

"Ki bar su. Yaro dole ya sami wanda zai ji haushi. Idan ya ji haushina, zai zo wurinki ya yi kuka. Idan ya ji haushinki, wurin wa zai je? Abin da kike ɗauke da shi ma ya ishe ki."

Na ce masa za ku girma da abin a ranku. Ya ce ya sani. Ya sa na yi masa alkawari, na kuma riƙe wannan alkawarin har kuka yi aure, kuka haifi naku, kuna gaishe shi a tsaitsaye. Yanzu kunnensa ya yi nauyi, idan wayarku ta shigo yakan miƙo mini ya ce in ji ko lafiya kuke, don ya san ba shi kuke nema ba. Wancan yammacin ya tashi ya kashe fankokin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe keken da tsohon zani, ya ja ƙofa. Muka hau sama na ɗumama masa shinkafar da bai ci ba.